Fadar Glamis ta Sikotland: Zuriya Ɗaya Tun 1372

A shekarar 1372 ne Sarki Robert na Biyu na Sikotland ya ɗauki ƙasar Glamis, wadda a da wurin farautar sarakuna ce, ya danƙa wa wani bafadensa mai suna John Lyon. Daga wannan shekara zuwa yau, sama da shekara 650 ke nan, zuriyar mutumin nan ce ke riƙe da wurin, in ban da 'yan shekarun da wani sarki ya ƙwace shi da ƙarfin tsiya. Gidajen sarauta da yawa a ƙasar sun zama kango, wasu hukuma ta karɓa, wasu magada sun sayar. Glamis kuwa har gobe tana hannun masu ita. Tana cikin gundumar Angus, a kwarin Strathmore mai albarkar noma, kimanin kilomita 20 arewa da birnin Dundee, kusa da garin Forfar.

Galibin masu zuwa kallonta labarin fatalwa ne ke kawo su, domin an daɗe ana yi mata kirari da cewa babu gidan da ya kai ta fatalwa a duk Sikotland. Ni a ganina an yi wa tarihin gidan rashin adalci. Kusan kowace fatalwa da ake ambato a Glamis, in ka tona, za ka tarar da mutum na gaskiya a ƙarƙashinta, wanda aka zalunta ko aka ɓoye, kuma abin da ya same shi ya fi tatsuniyar nauyi nesa ba kusa ba.

Wurin ya girmi fadar ƙwarai. A ƙauyen Glamis akwai duwatsu masu sassaƙa da mutanen Pict, tsofaffin mazauna arewacin ƙasar, suka bari, kuma ana danganta kafuwar cocin garin da wani mai wa'azi, Fergus, na wajejen ƙarni na 8. A nan Sarki Malcolm na Biyu ya rasu a 1034. Wasu tsofaffin littattafan tarihi sun ce kashe shi aka yi. Jikansa Duncan ne ya gaje shi, kuma daga nan ne sunan Glamis ya shiga duniya ta hanyar da ba ta dace da shi ba. A wasan kwaikwayon Macbeth, Shakespeare ya mai da Macbeth hakimin Glamis, ya sa shi ya yi wa Sarki Duncan kisan gilla yana barci a matsayin baƙonsa. Abin da tarihi ya tabbatar daban ne: a fagen yaƙi Duncan ya mutu a 1040, can arewa kusa da Elgin, Macbeth kuma ya yi mulki har 1057. Fadar da ake gani yau ba a aza ko dutse ɗaya nata ba sai bayan shekara 300 da ɗoriya. Duk da haka akwai zauren da ake kira da sunan Duncan a cikinta, da ɗakin da ake kira na Sarki Malcolm, masu yawon buɗe ido kuma suna tsayawa a ciki suna jinjina kai.

John Lyon mutumin alƙalami ne, da aikin fada ya samu ɗaukaka. Ya riƙe hatimin sarki, daga baya ya zama ma'ajin masarauta, a 1376 kuma ya auri 'yar sarkin, Johanna. Wannan aure shi ne harsashin gidan, kuma za mu ga aure ya sake ceton gidan bayan ƙarni huɗu. Sai dai ɗaukaka tana zuwa da mahassada. A 1382 Sir James Lindsay na Crawford ya kashe shi, gaba ta ƙullu tsakanin gidajen biyu, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kusan shekara 200 bayan haka, a 1578, Lod Glamis na 8, wanda shi ne babban wazirin ƙasa a lokacin, harsashi ya same shi a kan titin Stirling cikin wata hatsaniya tsakanin yaransa da yaran Lindsay, ya mutu.

Wanda ya san irin wannan zama zai gane dalilin da ya sa ginin farko ya kasance yadda yake. Ɗan John Lyon ya fara gini wajejen 1400, jikansa Patrick, wanda aka ba sarautar Lod Glamis a 1445, ya tayar da babbar hasumiyar da har yanzu ita ce zuciyar fadar. Hasumiya ce ta jan dutse mai fuska biyu da suka haɗu suka yi kusurwa, ɗaki bisa ɗaki, bango kuma ya haura mita 4 kauri a wasu wurare na ƙasa. Ƙofa ƙarama, tagogi ƙanana. A zauren ƙasa, mai rufin dutse da aka lanƙwasa baka-baka, barori da dakarun gida suke cin abinci su kwana; maigida da iyalinsa suna sama. Bango mai irin wannan kauri ana iya haƙa ɗan ɗaki ko lungu ko matakala a cikinsa, kuma magina sun yi hakan. Da zamani ya sauya, aka toshe wasu, aka buɗe wasu, aka manta da wasu. Duk labarin ɓoyayyen ɗaki da za a ji nan gaba daga cikin wannan bango ya tsiro.

Na farko shi ne na Alexander Lindsay, Earl na 4 na Crawford, wanda ake wa laƙabi da Mai Gemu. Mutum ne na tarihi, mai zafin rai, wanda ya yi wa Sarki James na Biyu tawaye, aka ci shi da yaƙi a Brechin a 1452, ya mutu a 1453. Tatsuniyar ta ce ya sauka a Glamis wani daren Asabar, ya sha ya yi tatil, ya nemi abokin karta. Dare ya raba, Lahadi ta shigo, ranar da caca haramun ce a wurinsu, kowa ya noƙe. Sai ya buga ƙasa ya ce ko da Iblis ne zai buga. Bai rufe baki ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani dogon baƙo cikin baƙaƙen kaya ya shigo ya zauna. Wani bara ya leƙa ta kafar makulli, walƙiya ta makantar masa da ido. Da gari ya waye Mai Gemu ya riga ya yi cacar ransa ya faɗi, aka toshe ɗakin, kuma wai suna nan suna bugawa har tashin ƙiyama. Masu yi wa baƙi jagora kan nuna wata taga da ake gani daga waje wadda babu ɗakin da ya dace da ita a ciki. Ba sai an faɗa ba, wa'azi ne aka yi wa rigar tsoro, kuma bai zama abin mamaki ba da aka zaɓi ɗan gidan Lindsay, tsohon abokin gaba, ya zama wanda Iblis ya cinye.

Akwai kuma na mutanen gidan Ogilvy, waɗanda aka ce sun gudo daga hannun Lindsay suka nemi mafaka, maigidan ya kai su wani ɗaki ya kulle, ya bar su yunwa ta kashe su. Rikicin Ogilvy da Lindsay dai gaskiya ne, an gwabza a Arbroath a tsakiyar shekarun 1440, jini ya kwarara.

Amma labarin da ya fi ci mini rai shi ne na Janet Douglas, kuma shi a rubuce yake a takardun shari'a. Janet matar Lod Glamis na 6 ce. Laifinta ɗaya: ɗan'uwanta Archibald Douglas, Earl na Angus, shi ya auri uwar Sarki James na Biyar, ya kuma riƙe yaron sarkin tamkar fursuna yana mulki da sunansa. A 1528 James ya kuɓuce, daga baya Angus ya tsere Ingila, sarkin kuma ya ɗauki alwashin ganin bayan duk wani mai jinin Douglas. A 1528 ɗin ne mijin Janet ya rasu. Aka fara tuhumarta da taimakon 'yan'uwanta. Aka dawo aka ce ita ta sa wa mijinta guba. Manyan yankin da aka kira su zauna shari'ar suka ƙi zuwa, magana ta mutu. Sarki bai haƙura ba. A 1537 aka kama ta, da mijinta na biyu, Archibald Campbell na Skipness, da ɗanta John wanda bai wuce matashi ba, bisa zargin ƙulla makircin kashe sarki da guba. Da azaba aka tatsi shaida daga bakin barorinta. Ranar 17 ga Yuli 1537 aka ƙone ta da ranta a kan tudun fadar Edinbara. Mijin nata ya yi ƙoƙarin tserewa daga kurkukun fadar da igiya, ya faɗo kan duwatsu ya mutu. Wani jami'in Ingila ya rubuta wa sarkinsa a lokacin cewa babu wata ƙwaƙƙwarar hujja da aka kafa a kanta.

Yau a bakin mutane za ka ji ana cewa don maita aka ƙone ta. Wannan ƙari ne na baya, kuma yana rage wa sarkin laifi, domin yana mai da abin jahilcin zamani. Tuhumar da aka yanke mata hukunci a kai cin amanar ƙasa ce, dalilin kuma ƙiyayya ce da kwaɗayi. James ya ƙwace Glamis, ya kwashe kayan azurfarta, ya riƙa zuwa yana zama a ciki da fadawansa. Yaron kuma aka yanke masa hukuncin kisa, aka ajiye shi a kurkuku sai ya girma a zartar. Allah bai nufa ba. James ya mutu a Disambar 1542 yana da shekara 30, majalisa ta soke hukuncin a 1543, John ya koma gidan ubansa ya tarar an yashe shi. Bayan shekara 25 da ƙone Janet, a 1562, 'yar sarkin nan, Sarauniya Mary, ta sauka a Glamis kan hanyarta ta zuwa arewa, jikan Janet ya karɓe ta da girmamawa.

A ƙaramar majami'ar fadar akwai kujeru 46. Ɗaya daga ciki ba a barin kowa ya zauna, wai ta mace mai tufafi ruwan toka ce da ake gani durƙushe tana addu'a, kuma kowa ya yarda Janet ce. An gina majami'ar ne shekara 150 bayan mutuwarta, ba ta taɓa taka ta ba. Ni dai ba na ganin kujerar a matsayin shaidar fatalwa. Iyali ne suka ƙi yarda a manta da uwarsu da aka zalunta, suka ware mata wuri a inda suke ibada, kuma wannan ya isa abin girmamawa.

Siffar da ta sa Glamis ta yi suna, wato cunkoson ƙananan hasumiyoyi masu tsinin rufi da ke saman ginin, aikin ƙarni na 17 ce. A 1606 Sarki James na Shida, wanda ya haɗa sarautar Sikotland da ta Ingila tun 1603, ya ɗaga Patrick, Lod Glamis na 9, zuwa Earl na Kinghorne. Sabuwar sarauta tana son sabon gida. Patrick ya ƙara wa tsohuwar hasumiyar tsawo, ya gina zagayayyiyar hasumiyar matakala a cikin kusurwar da fuskokin biyu suka haɗu, ya sa aka sassaƙa sunansa da na matarsa Anna Murray a jikinta. Matakalar faffaɗa ce, tana murɗawa daga ƙasa har ƙololuwa, taki 143. Ƙananan hasumiyoyin kusurwa, waɗanda a da maharba ke fakewa a ciki, yanzu sun koma ado da alamar isa, kamar zanko a kan soro. Akwai tasirin gine-ginen Faransa a ciki, domin Sikotland ta daɗe tana ƙawance da Faransa don tsoron Ingila. Babban zauren sama, mai tsawon kusan mita 18, an yi wa rufinsa ado da farin yaɓe mai zane, an rubuta shekarar 1621 a jiki. A nan aka ajiye rigar wawan gidan, don Glamis na cikin gidajen ƙarshe a ƙasar da suka riƙe wawa mai ba iyali dariya.

Sai gidan ya durƙushe. Earl na 2 ya zuba dukiyarsa cikin yaƙin da masu kare tsarin cocin Sikotland suka yi da Sarki Charles na Ɗaya, ya mutu a 1646 ya bar ɗa ɗan shekara uku da bashin da aka ƙiyasta ya kai fam 400,000 na kuɗin Sikotland na wancan zamani. Sojojin Oliver Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin, suka yi sansani a fadar, gwamnatinsa ta ci gidan tara, mijin da uwar yaron ta aura daga baya shi ma ya ɗebi rabonsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan ya isa ya haɗiye zuriya ɗungurungum.

Yaron nan, Patrick, Earl na 3, shi ne mutumin da ya kamata a fi tunawa a Glamis, kuma shi ne babu wata fatalwa da aka laƙaba masa. Da ya gama karatu a St Andrews ya koma ɗaya gidan iyalin da ke kusa da Dundee, ya tarar ko gadon kwana babu, sai da ya ara a wurin limamin cocin ƙauyen. An ba shi shawara ya sayar da filaye ya huta, ya ƙi sakin gadon gidan. Ya auri Helen Middleton a 1662, suka zauna cikin tsimi da tanadi, yana biyan masu bashi ɗaya bayan ɗaya. A 1670 suka tare a Glamis, wadda ba ta zaunuwa a lokacin, suka raɓa a 'yan ɗakunan da suka samu, ya fara gyara. Aikin ya ci shi kusan shekara 20. Ya ƙara reshe a yamma don ginin ya daidaita ta kowane gefe, ta yadda hasumiyar matakala ta koma tsakiya. Sannan ya shata doguwar hanya mai itatuwa, sama da kilomita ɗaya da rabi, wadda ta nufi wannan kusurwa kai tsaye. Shi ya sa mai zuwa Glamis ba ya fuskantar bango a miƙe. Kusurwa yake tunkara, fukafukan ginin biyu suna buɗe masa hagu da dama, hasumiyoyi suna ƙara tashi yana ƙara matsowa. Dabarar ta mutum ɗaya ce wanda da kansa ya rubuta cewa bai ɗauko wani shahararren mai zanen gini ba.

Ya kafa agogon rana na dutse a farfajiya, mai tsawon mita 6 da wani abu, da fuskoki sama da 80. Ya ɗauko Jacob de Wet, mai zane ɗan ƙasar Holand wanda ya zana jerin sarakunan Sikotland a fadar Holyrood, ya ƙawata bango da rufin majami'ar da labaran Linjila a 1688. A 1677 aka sabunta masa sarauta ta zama Earl na Strathmore da Kinghorne, sunan da magadansa ke amsawa har yau. Duk wannan mun san shi ne domin ya bar littafin lissafi da tarihin rayuwarsa, wanda ya rubuta tsakanin 1684 da 1689, aka buga shi a 1890 da sunan The Book of Record. A ciki akwai kuɗin magina da kafintoci, da masu binsa bashi, da ɓacin ransa kan waɗanda suka cuce shi yana maraya. Ya rasu a 1695, ya bar gida a tsaye.

Ƙarni na 18 ya zo da nasa. Earl na 5 ya bi magoya bayan gidan sarautar Stuart da aka tuɓe, aka kashe shi a yaƙin Sheriffmuir a 1715, a farkon 1716 kuma James Stuart mai neman gadon sarautar ya kwana a Glamis. Earl na 6 ajalinsa ya zo a titin Forfar a 1728: bayan wata jana'iza an sha giya, wani ɗan'uwansa ya tura James Carnegie na Finhaven cikin kwata, Carnegie ya tashi ya zare takobi, Earl ya shiga tsakani, takobin ya same shi. A shari'ar da ta biyo baya, masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙi tsayawa kan cewa an tabbatar da kisan ko ba a tabbatar ba, kamar yadda aka saba a lokacin, suka ce kai tsaye mutumin ba shi da laifi. Har yau ɗaliban shari'a a Sikotland suna karanta wannan hukunci.

A 1767 aure ya sake ceton gidan. Earl na 9 ya auri Mary Eleanor Bowes, 'ya tilo ga wani attajirin kwal na gundumar Durham a Ingila, wadda ke cikin mata mafiya dukiya a Birtaniya. Wasiyyar ubanta ta ce duk wanda ya aure ta sai ya ɗauki sunan Bowes, daga nan sunan Bowes-Lyon ya samo asali. Kuɗin kwal ya gyara wasu abubuwa, ya kuma ɓata wasu. A shekarun 1770 aka rushe ganuwoyi da farfajiyoyin da suka kewaye fadar don a yi fili mai ciyawa irin yayin Ingila, aka kwashe ƙofofin aka kai bakin iyaka. Asara ce babba, marubuci Walter Scott ma ya yi kuka da ita.

Da wannan zamani ake danganta wata fatalwa da ba a cika ba ta muhimmanci ba: yaro baƙar fata, bara, da ake cewa ana ganinsa zaune kan wani dakalin dutse a bakin ƙofar wani ɗaki. Wai an umarce shi ya zauna nan ya jira, aka manta da shi, sanyi ya kashe shi cikin dare. Labarin bai ba shi ko suna ba. Abin da yake tabbas shi ne manyan gidajen Birtaniya a ƙarni na 18 sun riƙa ajiye yaran Afirka da cinikin bayi ya raba da iyayensu, suna sa musu kayan ado suna nuna su ga baƙi. Masu ba da labarin kan mai da shi abin raha, wai yana sa wa masu wucewa ƙafa. Ni ban ga abin dariya a ciki ba.

Scott ya kwana a Glamis yana saurayi a farkon shekarun 1790, ya kuma bayyana daren a wani littafinsa na 1830 kan aljanu da maita. Ya ce tsoro ya kama shi da aka kai shi wani ɗaki can nesa da mutane, ya kuma ambaci cewa akwai ɓoyayyen ɗaki a gidan wanda mutum uku kaɗai ke sanin ƙofarsa: Earl, da magajinsa, da wani amintacce guda. A riƙe wannan, don yana da amfani ga abin da ke tafe.

Ranar 21 ga Oktoba 1821 aka haifa wa magajin gidan ɗa namiji, Thomas. Littattafan nasaba sun ce ya rasu a ranar. Shekaru suna tafiya sai raɗe-raɗi ya tashi a zaurukan manyan Landan cewa yaron bai mutu ba, an haife shi ne da mummunar nakasa, aka ɓoye shi a ɗakin nan, ƙanensa ya ci gadon da yake nasa. Aka ce da dare ake fito da shi ya sha iska a kan rufi. Aka ce duk magajin da ya cika shekara 21 sai a kai shi ya gani, ya fito ya daina dariya. Aka ce wasu baƙi sun taɓa rataya tawul a kowace taga da suka iya kaiwa, suka fita waje suka ga tagogin da babu tawul. Aka ce wani lebura ya yi tuntuɓe da wata ƙofa, aka cika masa aljihu aka tura shi Ostireliya. Aka raɗa wa yaron suna Dodon Glamis, wasu har suka ba shi shekara sama da ɗari. Babu takarda ko ƙashi da ya taɓa fitowa ya gaskata ko ɗaya, kuma tunda Scott ya ji labarin ɗakin shekara kusan 30 kafin a haifi yaron, a fili yake cewa ɗakin ne ya riga dodon. Mutane sun samu ɗaki babu kowa suka nema masa mazauni. Abin da ya sa aka yarda da sauƙi shi ne kowa ya san manyan gidaje na wancan zamani suna iya ɓoye ɗa mai nakasa don gudun abin kunya.

A cikin wannan gida Elizabeth Bowes-Lyon ta yi ƙuruciyarta. An haife ta a 1900, 'yar Earl na 14 ce. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka mai da fadar wurin jinyar sojojin da suka ji rauni, tana budurwa tana taya hidima. An kashe yayanta Fergus a yaƙin Loos a 1915, a 1916 kuma gobara ta tashi a saman hasumiyar, tana cikin waɗanda suka tsaya aka kwashe kaya. A 1923 ta auri ɗan Sarki George na Biyar na biyu, wanda ya zama Sarki George na Shida a 1936. Ita ce uwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Ƙanwar sarauniyar, Gimbiya Margaret, a Glamis aka haife ta ranar 21 ga Agusta 1930. Gidan da wani sarki ya ƙone uwargijiyarsa, shi ya wayi gari ya haifi uwar mai sarauta.

A nan ne kuma tatsuniyar dodo ta samu 'yar'uwa ta gaskiya. Wani yayan Elizabeth Bowes-Lyon, John, yana da 'ya'ya mata biyu, Nerissa da Katherine, masu larurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa. A 1941 aka kai su wani asibitin masu irin wannan larura a gundumar Surrey. Littafin nasabar manyan gidaje na Burke, bugun 1963, ya rubuta cewa Nerissa ta rasu a 1940, Katherine a 1961, alhali duk suna raye. Nerissa ta rasu a 1986, aka binne ta da 'yar alamar roba mai lamba a kan kabarinta. Sai a 1987 jaridu suka tono maganar. Dangi sun ce kuskure ne aka yi wajen cike takarda. Ko da an karɓi wannan uzuri, shekara 20 da ɗoriya kuskuren yana cikin littafi babu wanda ya gyara. Katherine ta rayu har 2014. Ba a Glamis aka ajiye su ba, babu bango mai kauri, babu taga marar ɗaki, amma an shafe mutum biyu daga cikin masu rai da alƙalami, kuma wannan ya faru a zamanin iyayenmu.

An buɗe fadar ga jama'a a 1950, kuma kuɗin baƙi, tare da noma da gandun daji a filin da ya kai eka 14,000, su ke riƙe da rufin a yau. Royal Bank of Scotland ya sa hotonta a bayan takardar fam 10 da ya fara fitarwa a 1987. Lambunan da aka yi a 1893 da 1910 suna nan, iyalin kuma suna zaune a wani sashe na ginin. Mai karatu, in Allah ya kai ka Dundee a lokacin da suke karɓar baƙi, ka ƙarasa Glamis, tafiyar rabin awa ce a mota. Za a ba ka labarin karta da Iblis ko ba ka tambaya ba. Kai kuma ka tambayi mai jagora ainihin tuhumar da aka ƙone Janet Douglas a kanta, ka ce ya nuna maka abin da Patrick, Earl na 3, ya gina da hannunsa.